Uban Aro

Samarin da ke zuwa zaurena suna roƙon in sa su a fim, kusan duk magana ɗaya suke yi. "Baba, ko fitowar uba ce a ba ni, ai zama ne kawai a kan buzu ana faɗa." Nakan ji su in ci gaba da ɗinkina. Tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da biro a ajin manya da muke yi bayan la'asar, bari in rubuta musu yadda zaman buzun nan yake, da abin da ya kusa ci mini.

Sunana Ɗanladi. Sana'ata ta gado ɗinkin hannu ce, aikin wuyan babbar riga, a nan Ƙofar Kibo. Wasan kwaikwayo daga baya na shige shi, farkon shekarun tamanin, kuma tun da na fara ban taɓa fitowa a komai ba sai uba. Wanda ya koya mini shi ne Baba Audu, wani tsoho mai gyaran keke a Ƙofar Kuyambana, wanda ya yi wasan dandamali tun kafin mu san kamara. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na buɗe baki ba. Aikina ɗaukar buta da shimfiɗa tabarma. In na matsa masa sai ya aike ni gaisuwa.

"Je ka zauren Alhaji wane ka gaishe shi, ka zauna ka yi shiru. In ɗansa ya shigo, kada ka dubi bakin uban. Hannunsa za ka duba, da ƙafar yaron."

A zaurukan mutane na koyi sana'ar. Uba a birnin nan in ransa ya ɓaci ba ya kallon ɗansa, bango yake kallo. Yana jan carbi sai ka ga yatsan ya tsaya. Ba ya ɗaga murya, rage ta yake yi, har sai yaron ya matso da kunne. Ba ya tashi tsaye. In kuwa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, to magana ta kai inda za ta kai. Wannan cire hular ni na kawo shi cikin wasa, kuma da shi aka san ni.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai carbi mai manyan 'ya'ya don kamara ta gan shi, da buzu, da buta, da hula ƙube. Furfura kuwa, da yake lokacin gemuna baƙi ne wuluk, da farko alli nake daka wa in kwaɓa da man kaɗanya. Ranar da aka fara haska mini fitilun 'yan talabijin, man ya narke, furfurar ta gangaro wuyana ina tsakiyar korar ɗa daga gida. Daga nan na koma tokar kara, a tankaɗe ta da kyau, a shafa da busasshen hannu. Sai babbar rigata ta saƙi, wadda na zauna na yi wa aikin wuya da hannuna, ban yi wa wani mai saye irinsa ba. Duk uban da na fito, a cikinta na fito.

A wancan zamani mutanen gidan talabijin ke zuwa da motarsu su ɗauke mu. Kamara ɗaya ce, da akwatin naɗa hoto da wani ke rataye a kafaɗa, da makirfo ɗaure a bakin gora ana riƙe shi sama da kawunanmu. Babu takarda. Daraktanmu Malam Isa, malamin firamare ne daga Tudun Wada, shi zai tara mu ya ba da labarin da baki. Zai ce, kai ɗanka ya gama makaranta yana so ya tafi Legas, kai kuma kana so ya zauna a rumfarka, to bismilla. Sauran maganar daga cikinka za ta fito. In zakara ya yi cara a sake. In mai tallan fura ta rafka sallama a sake. In aka kira salla a ajiye komai.

Wurin ɗauka ma aiki ne. Cikin gidan mutane ba ya shiguwa, saboda haka zaure muke ara, in ana son ɗakin uwa sai a rataya labule a jera kwanoni a soro na biyu. Na tuna wani Alhaji mai sayar da fata da ya ba mu zaurensa, da sharaɗin ba zai tashi daga inda ya saba zama ba. Aka kawar da kamara daga gefensa. Ina cikin yi wa yaron wasan faɗa a kan yawon banza, sai muka ji daga kusurwa, "Gaya masa, Malam. Nawa ma haka yake, jiya ko gonar bai leƙa ba." Malam Isa ya roƙe shi ya yi shiru. Aka sake. Da na zo wurin cire hula sai ya ce, "Yawwa." Haka aka nuna shi da yawwar a ciki.

Masu kallo su ne masu cinikinmu, ko da yake ba hannu da hannu ba. Ranar da ake nuna mu, duk gidan da ke da talabijin a unguwa cika yake yi har waje. Washegari samari in sun hango ni a lungu sai su gyara hula. Wata mata ta taɓa turo mini ɗanta har rumfar da nake ɗinki da saƙon wai in yi masa irin wanda na yi wa na cikin akwati, don ubansa ya rasu. Na ajiye allura na kalli bango, yaron ya yi ta ba da haƙuri tun ban ce komai ba.

Sai mummunar shekara ta zo, lokacin da kuɗi ya karye komai ya yi tsada. Motar ta daina zuwa. Muka yi ta jira, ƙungiyarmu ta wasa ta watse, Baba Audu ya rasu a cikin wannan jiran. Ko rigunan ma ba a saye, mutum yana neman masara ina zai tuna da aikin wuya. Da abin ya daɗe na shirya na je gidan talabijin ɗin, ko za su ba ni wasa ɗaya in ajiye. Wani ma'aikaci ya karɓe ni da mutunci, ya ce sabon kaset ya gagare su saye, don haka tsofaffin suka ɗauko suka naɗi labarai a kansu. Na tambaye shi ko ɗaya bai tsira ba. Ya ce ko ɗaya. Duk iyayen da na fito, babu wanda ya rage sai a bakin waɗanda suka gani.

Cikin shekarun casa'in bidiyo ya shigo. Malam Isa ya samo wani mai ɗaukar biki a Sabon Gari, mai kamarar da ake zura wa kaset kai tsaye, ya ce yanzu mu za mu yi abinmu mu sayar, ba wanda zai goge mu. Ya zo da labari a rubuce, don yanzu an koma takarda. Labarin wani saurayi ne Garba, ɗan marini, wanda ubansa ke so ya gaji marina, shi kuma gyaran rediyo yake so ya koya. Ni ne uban. Garba kuwa, Malam Isa ya ce ya riga ya ga wanda zai fito, ya gan shi a wasan makarantar sakandare. Ɗana ne.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In ina nemansa ƙannensa nake ce wa su kira mini wancan. A nan ma Garban zan ci gaba da ce masa.

"Uba da ɗa na gaskiya, Malam Ɗanladi," in ji Malam Isa. "Ga kama ga tafiya iri ɗaya. Ba wanda ya taɓa yi."

Muka fara ɗauka a marina, abin ya yi kyau. Ba sai an ce mana kada mu haɗa ido ba, da ma ba mu haɗawa. Yana karanta takardarsa, ni kuma Malam Isa yana karanta mini tawa ina riƙewa a ka. Har aka zo fitowar da Garba zai ɗauki jakarsa. Malam Isa ya karanta mini abin da uban zai ce: in ka tsallake ƙofar nan na yafe ka, Allah ya tsine maka albarka.

Ƙannensa suka kai maganar cikin gida. Uwarsa, wadda ita ma ba ta taɓa sa baki a sha'aninsa a gabana ba, ta ajiye mini tuwo ta ƙi tafiya.

"Malam, wai kai ne za ka tsine wa yaron nan?"

"Wasa ne."

"Wasa ne a wurinka da Malam Isa. Su mala'iku masu rubuta maganar mutum, an gaya musu akwai kamara?"

Na je wurin limamin unguwarmu bayan azahar na kwashe masa duka. Ya ce, "Saki dai ko da wasa aka yi shi ya saku, wannan na sani. Tsinuwar uba a gaban kamara kuwa ban same ta a karatu ba. Ba zan ce maka tana kamawa ba, ba zan ce ba ta kamawa ba. Amma ni ba zan gwada a kan nawa ba."

Na roƙi Malam Isa a mayar da ita Allah ya shirye ka. Ya ce, "Kaset ɗin nan gaba ɗaya a kan kalmar nan yake tsaye. In uba ya ce Allah ya shirye ka, tashi mutane za su yi su tafi cin tuwo."

Ranar ɗauka na shafa toka, na sa riga, na zauna. Garba ya durƙusa da jakarsa. Na tsayar da carbi, na cire hula na ɗora a gwiwa, na ce in ka tsallake ƙofar nan. Daga nan bakina ya tsaya. Aka sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Aka yi ta sakewa har mai kamara ya ce batirinsa na mutuwa, kuma gobe yana da biki. Malam Isa ya ja ni gefe ya ce dole a canza ɗaya, ko ɗa ko uba, kuma an riga an ɗauki na ɗan da yawa.

Haka Malam Tanimu ya zama uban ɗana. Akawu ne a wani ofis a Tudun Wada, sai da aka sake haɗa ƙungiya bayan mummunar shekara ya shigo, bai ɗanɗani jiran mota ba, bai taɓa ɗaukar wa kowa buta ba. Ɗan sanda yake fitowa ko mai unguwa, saboda muryarsa. Takarda kuwa kallo ɗaya yake mata. 'Ya'yansa duk mata ne. Da aka duba ba shi da rigar da ta dace da marini, sai Malam Isa ya ce in ara masa tawa. Na tuɓe na ba shi, da carbin da buzun. Mai riƙe gora bai zo ba ranar, aka miƙo mini gorar.

Ina tsaye a kansu da makirfo Tanimu ya tsine wa ɗana. Bai kalli bango ba, cikin idon yaron ya kalla. Ya miƙe tsaye, yana nuna shi da yatsa, yana ihu har hular ta faɗi ƙasa da kanta. Da aka tsaya na ce wa Malam Isa, "Wane uba ne a birnin nan yake miƙe wa ɗansa tsaye?"

"Ɗaga gorarka, Malam Ɗanladi, tana shigowa hoto."

Fitowar ƙarshe ita ce dawowar Garba, bayan ya zama mai shagonsa, uban kuma ciwo ya kwantar da shi. A takarda cewa aka yi uban zai ce na yafe maka, shi ke nan. Tanimu ya ƙara nasa. Ya miƙa hannu ya dafa kan yaron, ya ce, "Garba, ɗana, taso ka zauna kusa da ni." Ya jawo shi kan buzun, ya tura masa kwanon fura ya ce su sha tare. A wurinmu in ana son hawaye man zafi ake ɗan shafawa a ƙarƙashin ido. Kwalbar tana aljihuna ranar, ba wanda ya tambaye ni ita. Yaron ya yi ta kuka, aka kashe kamara bai daina ba.

Na ce wannan ba gidan marini ba ne, ba a yin haka. Ba wanda ya saurare ni, kuma kaset ɗin ya karɓu. Shagunan haya suka yi ta neman ƙari, aka kai shi garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Mata suna cewa ba su taɓa ganin uba mai tausayi irin Malam Tanimu ba. Samari suna kwaikwayon ihunsa a lungu. Nawa cire hular ba shi a kaset ko ɗaya. Lokacin da na fara iya haɗa baƙi na sa aka kunna mini shi, na bi sunayen ƙarshe da yatsa har na sami nawa. Yana ƙasan na mai janareta.

Daga nan gari ya ba Tanimu yaron. In ya wuce sai ka ji an ce ga ɗan Malam Tanimu. Wani sabon mai shayi a bakin ƙofa ya taɓa tambayata, yana zuba mini, "Malam, ashe yaron nan na gidanka ɗan Malam Tanimu ne? Riƙo aka ba ka?" Na ce ya rage sukari.

Shi ma yaron ya koma can. Ranar Salla zai durƙusa mini daga bakin zaure, in ce Allah ya maimaita, ya tashi, sai in ji wuni ya yi a Tudun Wada. Nakan hango su a babur ɗin Tanimu, yana baya suna ta hira da dariya. Ban san yana da dariya mai ƙara haka ba. Tanimu ne ya nema masa aiki a wani ɗakin ɗaukar hoto, shi ya kai shi asibiti da shawara ta kama shi kafin labari ya iso ni. Na nemi abin da zan ce ya ɓata mini a yaron, ban samu ba. Rigar kuwa bai dawo da ita ba. Ya ce mutane sun saba ganinsa a ciki, ana gayyatarsa taro.

Wata safiya ina ɗinki Tanimu ya yi sallama, a cikinta.

"Malam Ɗanladi, ɗanmu ne ya aiko ni."

"Ɗan wa?"

"Ɗanmu mana. Ya ga yarinya a Ƙofar Kuyambana, 'yar gidan mutunci. Ya ce in zo in gaya maka."

Daidai yaron ya yi, ɗa ba ya kawo wa ubansa maganar aure da bakinsa, aminin uban yake turowa. Sai dai ban san ranar da Tanimu ya zama aminina ba. Na ce na ji, Allah ya sa alheri, ƙanena zai karɓa masa auren. Sauran zirga-zirgar duk Tanimu ya yi ta, da babur ɗinsa da muryarsa.

Ranar ɗaurin aure, bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ƙofar gidan su amarya ta cika, don mutane sun zo ganin Garban kaset. Tanimu yana gaba kusa da liman, cikin rigar saƙi. Ni ina can baya jikin bango, inda uban ango ya kamata ya zauna. Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe don ya sanar wa jama'a. Ya kira sunan yaron daidai, sannan ya ce ɗan Malam Tanimu. Ya sake maimaitawa don na nesa su ji, aka amsa da Allah ya sa albarka.

Ƙanena kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma yana fama da rabon goro. Liman na unguwar amarya ne, bai san mu ba. Ni kuma ba zan tashi a cikin taro in ce nawa ne ba, uba ba ya yin haka a kan ɗan fari. Na tsayar da carbi. Na cire hulata na ɗora a gwiwa. Ban yi don wani ya gani ba, mutanen da suka san ma'anarta yawancinsu sun tsufa ko sun mutu.

Tanimu ya waiwayo. Sai ya miƙe tsaye, kamar yadda ya saba.

"Kai sanƙira, dakata. Gyara maganarka. Ni aron yaron nan aka ba ni don in tsine masa a kaset, na kuwa tsine masa har kuka yaba. Ubansa shi ne wanda aka kunna wa kamara ya kasa. Ga shi can jikin bango da hularsa a gwiwa."

Aka fashe da dariya, kowa ya juyo yana nemana. Sanƙira ya ba da haƙuri ya sake sanarwa da sunana, ya ƙara da kirarin masu allura da ba wanda ya sa shi. Ina kallon bango sai na ga ƙafafu sun ratso mutane sun tsaya a gabana, cikin sabon takalmi. Na san ƙafafun. Ango ba ya zuwa wurin ubansa a irin wannan taro, amma ya zo ya durƙusa. Na rage murya yadda Baba Audu ya koya mini, har sai da ya matso da kunne. Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Bakina bai tsaya ba. Ya daɗe a durƙushe kafin abokansa su zo su ɗaga shi.

To ku masu cewa zama ne kawai a kan buzu, abin da zaman ya ƙunsa ke nan. Har yau in aka tuna ɗaurin auren nan maganar Tanimu ake maimaitawa, ana cewa mutumin kirki ne. Mutumin kirki ne. A tsaye ya yi ta, da ihu, a cikin rigata, kuma nan ma shi aka yaba. Rigar tana wurinsa, ban tambaya ba, bai kawo ba. Na ji an ce zaren wuyan ya fara warwarewa, kuma ba mai iya kama aikin sai wanda ya yi shi. In ya kawo zan gyara masa, amma a zaune zai jira.